Kircin Maginiya da Randar Auta

Ke da kike cewa sai sanyi ya shigo za ki nemi man shafawa, gyara zama ki ji. An yi wata maginiyar tukwane a wani gari, randarta in kin ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙarfe, ruwan cikinta kuwa har haƙori yake riƙewa. A wuyan kowace randa tana yin zanenta, ƙafar kaza jere uku, ko makaho ya shafa ya san ginin wace ce. To amma kowa da nasa rabon. Ita nata kirci ne, irin mai farin ɓawon nan, a gwiwa da bayan hannu da gadon baya. Da damina sai ya kwanta kamar baƙon kirki, ta ce ai ta warke, har ta riƙa yi wa masu ƙaiƙayi dariya. Kaka na wucewa, ɗari na leƙowa, sai ya taso da danginsa. Ta sosa da farce, ta sosa da totuwar masara, ta goga baya a garu har wurin ya yi santsi, akuyarta ma sai ta jira ta gama kafin ta samu fili. Magani kuwa nata ne na kanta: ta tafasa ruwa kamar za a fige kaza, ta dirje jiki da soso da sabulun salo, ta kankare ɓawon da tsingaro, ta zauna bakin murhu ta bushe ƙayau. Sai rana ta take, in ta tuna, ta lakato mai da ɗan yatsa kamar mai ɗanɗana miyar maƙwabta.

Wata malamar asibiti da ta zo sayen tulu ta ga hannun, ta ce, "Iya, wannan ba ya yaɗuwa, amma kuma ba a korarsa, lallaɓa shi ake yi. Ruwa mai ɗan ɗumi, kar ki daɗe, kar ki kankare. Kina fitowa, jiki da sauran danshi, ki shafe shi da man kaɗanya sosai. Tun da kaka za ki fara, kuma ki zo mu duba ki a ba ki na shafawa." Maginiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, maganin da ba ya zafi ai kwalliya ce. Ɗauki tulunki, kuma ba ragi." Matar da kullum take lulluɓe ɗanyen gini da jiƙaƙƙen tsumma, ta shanya shi a inuwa don kar ya tsage, ita ce take gasa fatarta kamar kasko.

Ana nan aka sa bikin autarta a tsakiyar ɗari. A garin nan kuwa 'yar maginiya ba ta tarewa sai da randar hannun uwarta, kuma ita matan biki suke fara dubawa kafin gado. Ta bar ginin sai biki ya matso, wai don ta fito sabuwa fil. Ranar da ta kwaɓa yumɓu, bayan hannun ya riga ya tsattsage, tana tsoma shi ta ji kamar an zuba barkono. Sau uku tana ɗora gini, sau uku randa na fitowa a karkace kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Da ya rage kwana biyar, ta ja mayafi har ido ta haye rafi zuwa wurin wata maginiya, abokiyar gasarta, wadda shekara ashirin tana ce mata mai ginin kaskon kaji. Ta je da shirin ciniki har la'asar, sai waccan ta washe baki ta ce, "Haba Yaya, ni da ke har da ciniki? Ɗauki, ai auta 'yata ce." Ki sani, a duk kasuwar duniya babu abin da ya kai irin wannan kyautar tsada.

Ta iso gida ta duba wuyan randa, ga zanen waccan ɓaro-ɓaro, tsani-tsani ya zagaye. Sai ta ɗauko ƙusa da dutse, za ta goge na mutane ta sa ƙafar kazarta. Gasasshiyar randa ina ta ga karɓar zane? Bugu ɗaya, bugu biyu, a na uku sai ƙwas, ta rabe gida biyu. Haka ta sake haye rafi. Wannan karon mai kaskon kaji ta ce ba za ta bari Yaya ta wahala da hannu ba lafiya ba, ita da kanta ta ɗoro randa a ka, ta shigo gidan biki da rana tsaka tana rangaɗa guɗa. Mata suka shafa wuyan randa suka ce, "A'a, Iya, an sake zane ne?" Waccan ta amsa mata, "Hannu ne ya tafi hutu." Uwar amarya na gefe, ƙaiƙayi na cin gadon bayanta, ga garu kusa, ga idon jama'a.

Da shekara ta zagayo, gero bai gama nuna ba aka ga kwanon man kaɗanya a bakin makewayinta. Asibiti ma ta je, ta ce wai maƙwabciyarta ce ta aiko ta, malama ta yi murmushi ta ce to miƙo hannun maƙwabciyar mu gani. Kirci ya zo da ɗari kamar yadda ya saba, amma a bakin ƙofa ya tsaya, akuya ta samu garunta. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.