Kunyar Tabawa

Tun da aka fito da tabarau mai nuna inda jikin mamaci ya bi bayan ya zama ƙasa, maganar Tabawa ta fara raguwa. Duk zamansu ba ta taɓa kiran sunan marigayi mijinta ba, don kunya. Da ta sa tabarau ɗin ta gan shi yana ƙyalli cikin tsamiyar bakin maƙabarta, sai ta daina faɗin sunan itacen. Awaki suka ci ganyen, ta daina cewa akuya. Damina ta sauka, ruwa ma ya fita daga bakinta.

Ranar kasuwa ta tsaya gaban mai nono tana nuni da yatsa. Yalwa, matar ɗanta, ta ƙosa.

"Haba Inna, nono ne fa! Ki faɗa mana."

"Yana ciki," in ji Tabawa a hankali.

Yalwa ta karɓi tabarau ɗin don ta ƙaryata ta. Ta dubi ƙwarya, ta dubi gajimare, ta dubi tafin hannunta, duk suna ƙyalli. Sai ta tuɓe takalmi, ta ja mayafi, ta durƙusa za ta gaida surukinta.

"Inna," ta ce da raɗa, "ina zan fuskanta?"