Aron Murya na Minti Goma

Shekara uku ke nan da Hukumar Sauti ta ƙwace muryata, saboda waƙar hip-hop da na yi kan rusau ɗin unguwarmu, ranar da gini ya danne mahaifiyata. Da matata Murja ta haihu, na je ofishinsu neman aro. Na rubuta a takarda cewa huɗuba zan yi wa 'yata.

Ma'aikacin ya gane ni. "Kai ne Garba Tsawa? Wallahi da waƙoƙinka muka tashi." Ya manna mini ɗan ƙarfe mai ɗumi a maƙogwaro. "Daga ka buɗe baki, minti goma gare ka. Amma duk kalmar da ke cikin waccan waƙar an goge ta."

A gida na yi kiran salla a kunnen jaririyar. Muryata ta fito garau, har Murja ta fashe da kuka. Sai na zo kan sunan da zan raɗa mata: Zuwaira, sunan mahaifiyata, wanda sau ɗaya na taɓa furtawa, cikin waccan waƙar.

Leɓena ya motsa, iska ce kawai ta fito.

"Ban ji ba," in ji Murja. "Baban wa zan riƙa ce maka?"

Na yi ta gwadawa har ƙarfen ya huce.