Talatin da Biyu a Minti Ɗaya

Oumaima ta diro daga motar asibitin da take aiki a ciki, ta nufi Younoussa da gudu a filin ajiye motoci na Wendover Avenue, takarda a hannunta.

"Makarantar koyon aikin jinya sun ɗauke ni! Sun ce karatuna na faramedik, na agajin gaggawa, ya rage min hanya. Shekara ɗaya da rabi na zama cikakkiyar nas!"

"Alhamdu lillahi!" Ya yi murmushi, sannan ya sunkuyar da kai. "Bon, dama na zo da magana. Ina so in tura kawuna wajen Babanki. Amma ki yi karatunki tukuna. Ko a'a kika ce, ni ko a jikina."

Ta dubi ƙirjinsa, ta dubi agogon hannunta, ta sake dubansa.

"Na tsare ki, ko?"

"Talatin da biyu," in ji ta.

"Na me?"

"Numfashinka a minti ɗaya. Mai lafiya ba ya wuce ashirin. A aikinmu ba a gaya wa mutum ana ƙirgawa, don in ya sani sai ya daidaita." Ta danne dariya. "Wai ko a jikinka!"

Oba-obar kafaɗarta ta yi ƙara, ana neman motarsu a garin Summerfield. Ta ɗare mota, ta leƙo ta taga.

"Ka tura kawu ranar Asabar, Younoussa, tun kafin a kira ni in zo in ɗauke ka!"