Mai Lambu da Ɗanyen Tumatir

Ɗana, ka ce ba ka ga amfanin duba idon yara a makaranta ba, tunda kowa na ganin gabansa. Bari in ba ka misalin wani mai lambu da na taɓa sauka a gidansa. Sunan garin ya ɓace mini, amma ban manta fadamar ba.

Mutumin yana da ɗa mai ladabi, sai dai in an tura shi tsinkar tumatir, yakan cika kwando da nunanne da ɗanye a haɗe. Uban ya yi faɗa har ya kai ga duka. Yaron ya koma matsa kowane tumatir da yatsa kafin ya tsinka, sai kayan suka riƙa ruɓewa tun ba a kai kasuwa ba, aka ƙara masa wani dukan. Ranar da masu duba ido suka zo makarantarsu ta dace da ranar ɗiban tumatir. Uban ya hana shi zuwa, ya ce, "Wanda ke ganin tuwo a kwano, me za a duba masa? Ganganci ne kawai." Da yaron ya tasa, ya gaji da sunan maɓarnaci, ya bi motar tumatir zuwa kudu, bai sake waiwayo ba.

Bayan shekaru masu dubawa suka dawo, suka tarar da ƙaninsa a aji. Suka nuna takarda mai ɗigo-ɗigo, ja cikin kore. Kowa ya faɗi lambar da ke ciki, shi kaɗai bai ga komai ba. Aka kira uban, aka ce masa haka aka haifi yaron, ja da kore kusan ɗaya suke a idonsa, kuma abin yakan bi 'yan'uwa maza. Aka mai da ƙanin wajen ban ruwa, ya zauna lafiya. Uban kuwa, na gan shi da la'asar a bakin kwando, jan tumatir a hannun dama, kore a hagu, yana ta dubansu. Ya aika wa babban ɗan saƙo ta bakin direbobi. Har na bar garin amsa ba ta zo ba.

Gaskiyar magabata: rashin sani ya fi dare duhu.