Mai Tsiren Ƙofar Otal

Motar sojoji ta tsaya gaban tukubar wani tsoho mai tsire. Shekara da shekaru yana gasa tsire a ƙofar otal ɗin nan na bakin tekun Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Yanzu an mayar da wurin barikin sojan ruwa.

Wani hafsan soja ya sauko yana ƙare masa kallo.

"Halas, tawa ta ƙare," tsohon ya ce, ya yayyafa wa garwashi ruwa.

"Kawu," in ji hafsan da gurguwar Hausa, "ina ƙarami babana kan kawo mu hutu nan. Nakan sulalo wurinka, ka ƙara mini yaji. Yalla, maza hura wutar nan."

Bayansa sojoji sun ja layi, kowa riƙe da burodinsa.