Ƙusa Ɗaya Sako-Sako

Kafinta ya ajiye jakar kayan aikinsa a bakin shagon mai ɗinki, ya yi sallama yana kallon ƙasa. Ƙofar ce ta sake karkacewa, kuma ya san dalili, domin duk zuwan da ya yi sai ya bar ƙusa ɗaya sako-sako.

Ta tsayar da keken ɗinki, ta ɗago ido. Gabansa ya faɗi, kamar ran da ya fara ganinta har ya buge yatsansa da guduma.

Ta buɗe tafin hannunta, sai ga ƙusar. "Malam kafinta, kowa na yabon aikinka, ƙofata ce kaɗai ta gagare ka?"

Ya sosa ƙeya. In ta kore shi yau, ba shi da sauran hujjar ganinta.

"Ba gagarata ta yi ba," ya ce a hankali. "In na gyara ta, me kuma zai kawo ni?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara zaren da ba abin da ya same shi, murmushi na neman ƙwace mata.

"To, buga ta da kyau, awakin maƙwabta sun ishe ni. In ka gama, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar gidan Baba. Ita lafiyarta ƙalau, kada ka taɓa mata ƙusa."

Gudumar ta sake sauka a kan yatsansa, amma ko ji bai yi ba.