Maɓallan da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Ka ji misalin wani mai haɗa manhaja a Zariya, wanda wani asibiti ya ba aikin manhajar rajistar marasa lafiya. Duk sanda ya gyara abu ɗaya, sai ya bi maɓallai fiye da ɗari yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, don ya tabbata bai ɓata wani wuri ba. Da ya gaji, sai ya haɗa wata ƙaramar manhaja ta riƙa yi masa gwajin. Ya auna mata mazaunin kowane maɓalli a fuskar kwamfuta: daga hagu kaza, daga sama kaza, danna nan. Wata biyu tana aiki lafiya lau. Rannan asibitin suka ce a ƙara girman rubutu. Rubutu ya girma, maɓallai suka gusa, ita kuwa mai gwajin ta ci gaba da dannawa inda aka nuna mata tun farko. Maɓallin "Adana" ya lalace a wajen gyaran, amma ba ta kai kansa ba. Fili ta danna, ta ce komai daidai. Kwana uku ana rubuta bayanan marasa lafiya ba sa zama, har wata mai ciwon suga ta dawo karɓar magani aka rasa abin da likita ya rubuta mata. Shugaban asibitin ya ba mutumin mako guda, ko ya gyara ko a nemi wani.

Mutumin ya je ɗakin kati na asibitin ya zauna, kansa a ɗaure. Can gefe akwai wani dattijo makaho mai amsa waya yana ba mutane ranar ganin likita, abin sauraro a kunne, yatsunsa na gudu a kan wannan manhajar rajistar dai. Mutumin ya matsa ya gaishe shi, ya gaya masa shi ne ya haɗa manhajar, ya ce, "Baba, da maɓallan suka gusa, yaya kake gane su?" Dattijon ya ce, "Ni ban ma san sun gusa ba, ɗana. Manhajar da ke karanta mini ba ruwanta da wuri. Tambayar kowane maɓalli take yi sunansa da aikinsa, ta faɗa mini a kunne. Sai dai akwai guda goma sha ɗaya da ba ka raɗa wa suna ba. In na zo kansu, sai na jira mai ido."

Mutumin ya koma ya zubar da awon nan duka, ya ɗora mai gwajinsa a kan hanyar da makafi ke bi, wato ta riƙa neman kowane maɓalli da sunansa. Da ta iso maɓallai goma sha ɗayan nan sai ta tsaya cik, har sai da ya sa wa kowanne suna. Bayan haka sau huɗu ana canza fasalin manhajar, mai gwajin ba ta taɓa danna fili ba, dattijon kuma ya daina jiran kowa. Dama Hausawa sun ce, matambayi ba ya ɓata.